An Sace Mini Rami

Shekara ashirin Sufeto yana karɓar ƙorafi, amma bai taɓa jin irin na safiyar nan ba.

"Ranka ya daɗe, rami aka sace mini," in ji wani dattijo da ya tsaya gaban kantar ofishin 'yan sanda yana huci.

Tsohon malamin makaranta ne, mai wata mota da ta girmi Sufeto. Ya yi tafiyar kwana uku, ya dawo ya tarar eriyar rediyonta ta yi ƙaura. Da can tana baya ta hagu, a karkace. Yanzu ga ta gaba ta dama, ƙiƙam kamar soja, tsohon ramin kuwa an toshe shi an shafe da fenti.

Da suka isa garejin da dattijon ke ajiye motar, Sufeto ya zagaya ta. "To Baba, ai gyara aka yi maka kyauta."

"Gyara?" Idon dattijon ya ciko. "Motocin nan ba sa fitowa daga kamfani da rediyo, a wurin dillalin mota ake sakawa. Mahaifina ne mai sakawa. Bahago ne, duk motar da ya taɓa a hagu yake huda ta. Wannan kaɗai ta rage mai aikin hannunsa."

Sufeto ya haɗiye dariyarsa, kunya ta kama shi. Ya duba kwaɗon ƙofa, ba a fasa ba. Bayan dattijon, bakanikensa ne kawai ke da makulli.

Bakaniken ya rantse makullin bai taɓa barin jikinsa ba. Ya zaro wata waya mai baƙin mai, ɗauke da makullai sun kai talatin. Ɗaya ne kawai a goge tas, an maƙala masa 'yar takarda bugun inji: "An karɓa Talata, an mayar Alhamis."

Sufeto ya kalli takardar, ya kalli yatsun bakaniken. "Kai ka buga wannan?"

"Yallaɓai... aro aka yi. Cewa aka yi tayoyi za a auna."

"Wa ya ara?"

"Littafi-ya-ce."

Sakataren ƙungiyar masu tsoffin motoci ke nan, mutumin da ba ya iya jera magana biyu bai ambaci littafin kamfani ba. A ofishinsa komai da takardarsa. Kwandon shara ma an rubuta masa "Shara", kada ya manta aikinsa.

"Rabona da motar nan wata biyu," in ji sakataren. "Makulli kuwa ban san da shi ba."

Sufeto bai yi musu ba. Ya rufe fayil ya miƙe. "Dama na san ba kai ba ne. Aikin wani ɗan koyo ne, ko awo bai iya ba. Ya je ya dasa eriya inci biyar daga gilashi."

"Tara ne!" Sakataren ya doki tebur. "Inci tara cif, yadda littafi ya ce! Sau uku na auna!"

Baki dai shi ke yanka wuya.

Sakataren ya koma kujera a sanyaye. "Yallaɓai, shekara goma sha ɗaya ina kallon eriyar nan a hagu. Duk ranar taronmu ko abinci ba ya shiga cikina."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa garejin ya nuna ɓarnarsa. Dattijon ya tambaye shi, "Walda ka yi wa ramin?"

"Haba Baba! Littafi ya ce ba a yi wa ƙarfen wancan zamani walda. Roba kawai na cusa."

Dattijon ya sa makulli ya kankare wurin. Robar ta faɗa ciki, ramin ya bayyana, da bakinsa mai ɗan zigi-zigi. Ya ɗora yatsa a kai, yana shafa bakin ramin.

Sufeto ya kamo hannun sakataren suka nufi motar 'yan sanda. Sakataren yana tafe yana waige.

"Don Allah Baba, in za ka mayar, ka miƙar da ita ko kaɗan!"

Dattijon bai ko ɗago ba, yana kwance eriyar. "Jeka abinka, ɗana. Babana ya riga littafinka taɓa motar nan."