Layin da Ademar Ya Manta Bai Goge Ba

Ranar da Ademar ya fara shigowa ɗakin da ke bayan kantar sayar da tikiti, sai da ya buga goshi da saman ƙofa, don ba a yi ta domin dogaye ba. Noelia ta ɗago daga kan kwamfuta, salteña mai zafi, irin samosar naman nan ta ƙasar, a hannunta, romo na bin yatsunta.

"Sannu. Ƙofar ce ta gaishe ka."

"Na ji gaisuwar," ya ce yana murza goshi. "Ina tagar ɗakin nan?"

"Babu. Akwai kalanda mai hoton tafki, in ka ƙosa sai ka kalle ta."

Ya yi dariya. Ita ma ta yi, sannan ta tuna rabonta da dariya a ɗakin nan har ta manta.

Shekara huɗu ke nan Noelia tana zaune a wannan ɗan kurkukun, bayan wurin sayar da tikiti na kamfanin motocin mahaifinta a tashar Cochabamba. Tun da yayanta ya tafi Sifen ya ƙi dawowa, mahaifin nata Don Cirilo, wanda take kira Papito, ya riƙe ta gam. Shi ke kawo ta da safe, shi ke mayar da ita da yamma, ko cin abinci za ta fita sai ya tambayi da wa. Yana son ta, wannan babu mai musu. Amma son ya yi mata nauyi, kuma ba ta san yadda ake faɗa wa uba haka ba.

Ita ta gina shafin da fasinja ke sayen kujera a wayarsa. Shi kuwa Ademar an ɗauko shi daga Santa Cruz ya kula da saba, na'urar da ke riƙe da jerin kujerun kowace mota. Idan fasinja ya taɓa mota, shafin yakan aika tambaya a ɓoye ba tare da ya sake buɗewa ba, saba ta maido masa da amsa.

"Sharaɗina ɗaya ne," ta ce masa a ranar. "Ka aiko min bayanai tsaf. Lambar kujera, da mutum ko babu, shi ke nan. Ko harafi ɗaya ya shiga gabansu shafina ba zai gane ba, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa har gobe."

"Ko gaisuwa ba a so?"

"Ko gaisuwa."

Kafin wata uku, mutum biyun da ke zaune baya da baya a ɗakin da bai kai taku biyar ba sun koma hira ta waya.

"Noe tawa, ki juyo mana. Tun safe ƙeyarki nake kallo."

"Papito yana leƙowa. Ci gaba da kallon ƙeyar, kyauta ce."

"In na aure ki zan gina miki ɗaki duk gilashi."

"In ka aure ni ka fara koyon cin barkono tukuna, rago kawai."

Wanda ya kai wa tsohon labari Limbert ne, shugaban direbobi, wanda Don Cirilo ya tsaya masa a matsayin uba ranar da aka yi masa baftisma a coci. Ya daɗe yana kallon Noelia da motocin nan a matsayin gadonsa, sauran jira kawai. Da Ademar ya sa riga mai kyau ya je neman izinin aurenta, ko kujera tsohon bai nuna masa ba.

"Mutumin Santa Cruz? Ku zo da fara'a, ku tafi da abin mutane. Ɗaya ya riga ya tafi mini. Ba zan rasa ta biyun ba."

Washegari aka mayar da teburin Ademar gareji, tsakanin tayoyi. Ɗakin Noelia ya ƙara matsewa, duk da an cire masa kujera guda. Ran Alhamis da rana saƙon Ademar ya shigo mata:

"Kar ki yi kuka, Noe tawa. Gobe mahaifinki zai ga abin da zan iya."

Goben nan kuwa ita ce Juma'ar bikin rawa na garin Oruro, ranar da duk garin ke neman mota. Wajen ƙarfe goma shafin ya tsaya cik. Duk wanda ya taɓa motar Oruro sai da'ira ta hau juyawa, ba kujera, ba bayani. Masu sayar da tikiti a kanta ma da shafin suke aiki, hannunsu ya ɗaure. Layi ya kai bakin titi, mutane na zagi, masu kayan rawa suka kwashi akwatunansu suka koma kamfanonin maƙwabta.

"Ramuwa ce, Don Cirilo!" Limbert ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Ka hana shi 'yarka, ya kashe maka kasuwa."

Nan take aka kori Ademar. Noelia ta sake karanta saƙon jiya. Ta rubuta masa:

"Wannan ne abin da za ka iya?"

Ya kira sau shida. Ta kife wayar.

Ta rufe ƙofa, ta buɗe amsar da saba ke aikowa yadda take, kafin shafi ya taɓa ta. Bayanan suna nan daidai, kujera bayan kujera. Amma a gabansu, a saman komai, ga wani layi zaune abinsa:

"Noe tawa, an iso nan."

Duk mai wannan sana'a yana da kalmar da yake dasawa a cikin aikinsa, don ya ga ko na'ura ta bi ta wurin. Wani ya rubuta "gwaji", wani ya rubuta ashar, in an gama a bi a goge. Ademar ya goge nasa duka, sai guda ɗaya da ya ɓuya a sashen da ba ya tashi sai kujerun mota sun rage ƙasa da biyar. Tun zuwansa mota ba ta taɓa cika haka ba sai yau.

Ta goge layin, shafin ya buɗe kamar ba shi ba. Ta kifa kai a tebur tana kuka tana dariya, kunyar zargin da ta yi masa ta rufe ta. Sannan ta kira shi.

"Ka yafe min. Kuma wallahi kai sakarai ne." Ta gaya masa abin da ta gani. "Babu wanda ya sani. Zan ce matsalar daga masu ba mu intanet ce."

"Jiya na ƙara wa saba ƙarfi don ta ɗauki cunkoson yau, shi nake nufi," ya ce a hankali. "Amma laifin nan nawa ne, Noe. In kika rufe, za ki zauna a ɗakin nan kina gadin ƙarya saboda ni. Ga ni nan zuwa."

Ya tarar da Don Cirilo a bakin kanta, Limbert a gefensa.

"Don Cirilo, ba ramuwa ba ce, sakaci ne. Kuma nawa ne ni kaɗai."

Tsohon ya ce a nuna masa. Noelia ta buɗe tsohon kwafin aikin, ya sa tabarau, ya karanta layin yana motsa leɓe.

"Yaushe ya rubuta wannan?"

"Sati biyu da zuwansa, Papito. Ga kwanan watan."

"Kin sani a lokacin?"

"Ko sannu ta kirki bai iya yi min ba a lokacin."

Limbert ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Ademar.

"In na ba ka ita, za ka tafi da ita Santa Cruz?"

Kowa a wurin ya san amsar da za ta buɗe masa hanya. Noelia ma tana roƙonsa da ido ya faɗe ta.

"In tana so, zan tafi da ita. Ba zan ce maka a'a don kawai ka ba ni ita ba."

Don Cirilo ya kau da ido daga kan Ademar. Sai ya juya ga 'yarsa, ya yi mata tambayar da bai taɓa yi mata ba.

"Ke fa?"

Noelia ta dube shi. "Ina so in fita, Papito. Ba kai nake gudu ba. Aikinka zan yi maka shi daga ko'ina nake. Amma ɗakin nan yana shaƙe ni, kuma na daɗe ina tsoron gaya maka."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga, ya shige ofis. Sati uku bai yi wa kowa maganar ba. Ran Lahadi ta huɗu ya ce a aika wa iyayen yaron su zo, kuma su zo da yunwarsu.

A watan Satumba aka ɗaura aure a cocin unguwa. Direbobi suka jera motoci suna ta ham, dangin Santa Cruz suka ci barkono har hawaye. Don Cirilo ya cika hannu da 'yan gutsattsarin takarda farare, ya zuba wa ango a ka kamar yadda al'adar garin take, ya zuba wa amarya, hannun nasa ya daɗe a kan gashinta.

Washegari da safe shi da kansa ya ɗauki jakarta zuwa motar Santa Cruz, ya hana kowa taɓawa. Ya ja direba gefe ya ce in ya kuskura ya yi gudu a kan duwatsu, kar ya dawo. Sannan ya riƙe hannayensu biyu a cikin nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Je ki, 'yata. Na sallame ki da zuciya ɗaya."

Motar ta tashi. Yana tsaye yana ɗaga hannu, bai sauke ba har ta sha kwana.