Madubin da Ya Juya wa Duniya Baya

"Ɗauke kazar nan daga gabana!"

Kausar ba ta san ta ɗaga murya haka ba sai da ta ga matar ta zabura. Baƙar kaza ce, an ɗaure mata ƙafafu da tsumma, an ajiye ta kan tabarma dab da kwamfutarta, ga ƙullin goro a gefe.

"Haba Malama... ba wani abu mai yawa ba ne. Mijina kawai za ki duba mini."

"Duba? Ni?"

"An ce taurari kike dubawa. An ce har abin da ke ɓoye kina gani."

"Wa ya ce?"

Matar ta laluba cikin hijabi, ta zaro waya ta miƙa mata. Hoto ne na wasu jajayen gizagizai masu walƙiya, a ƙasansa an rubuta: Ga abin da 'yar Funtuwa take duba da shi.

Kausar ta riƙe wayar, ta sake duban hoton da kyau.

Ta san hoton nan fiye da yadda ta san fuskarta. Digirin digirgir take yi a wata jami'a ta Afirka ta Kudu, aikinta kuma nazarin ƙurar da ke tsakanin taurari, ta hanyar hotunan da wani madubin hangen nesa yake aikowa daga sararin samaniya. Wata da watanni ta yi tana goge hoton nan kafin ya fito haka. Da ta dawo gida don a sa mata ranar aure, mutum ɗaya tak ta tura wa.

Zaharaddeen.

"A ina kika samu?"

"A guruf ɗin matan Malumfashi. Wata Sadiya ce ta saka."

Sadiya! 'Yar ƙanin mahaifin Zaharaddeen, wadda duk dangi sun san da son Zaharaddeen take kwana da shi take tashi. Kausar ta sallami matar da kazarta, ta zauna tana kallon bango. Ta yaya abin da ta ba masoyinta ya kwana a wayar Sadiya?

Da la'asar sai ga Zaharaddeen. A gindin darbejiyar ƙofar gida ta same shi jingine da mota, takalminsa duk taɓon gona. Tun bara da 'yan bindiga suka ɗauke yayansa Hussaini a hanyar gona, ba a sake jin labarinsa ba, gonakin masarar gidansu duka a wuyansa suke. Da can ramar da ya yi tausayi take ba ta. Yau ko a jikinta.

"Kausar ɗina... wa ya taɓa mini ke?"

"Wa ka ba hotona?"

Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

"Wane hoto?"

"Kada ka fara, Deeni! Yau mata ta uku ke nan da ta zo in duba mata. Kaza aka kawo mini. Baƙar kaza! Ni da na yi saukar Alƙur'ani a gidan nan an mai da ni bokanya."

"Inna lillahi..."

"Sadiya ka ba?"

"Wallahi ban ba Sadiya ba."

"To wa ka ba?"

Ya sunkuyar da kai, yana murza makullin mota.

"Na nuna wa mutum ɗaya. Amma ba zan iya faɗa miki ba."

"Ba za ka iya ba?"

"Ki yarda da ni, sahibata. Don Allah."

Ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Ana jan sunana a ƙasa, kai kuma kana rufa wa wata asiri. In ka fasa ne ka fito ka faɗa mini, ba sai ka aiko Sadiya ta yi maka aikin ba!"

"Kausar!"

Ta shige gida ta bar shi tsaye.

Ba a rufa mako ba saƙo ya zo daga Malumfashi. Malam Maiwada, mahaifin Sadiya kuma waliyyin Zaharaddeen, ya ce a dakata da sa rana. Shi mutum ne da ko kalandar da ke da hoton wata ba ya so a rataya masa a ɗaki, balle a ce masa suruka tana lissafin taurari. Ya ce gidansu ba a shigo da mai duba.

Daga nan Kausar ta daina yarda da kowa. In ƙawa ta zo gaisuwa, sai ta riƙa kallon hannunta ko waya na ɗauka. In Zaharaddeen ya kira, sai ta bar wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Ta koma tana tuno duk kalmar da ya taɓa faɗa mata, tana juya ta, tana neman inda ƙarya ta ɓuya. Abin haushin, duk da haka kewarsa take ji kamar ta mutu.

Wata rana da hantsi, bayan an ɗauke ruwan sama, wata mata ta yi sallama a ƙofar ɗakinta. Doguwa ce, ta rufe fuska da niƙabi, ta zauna a bakin tabarma ba tare da an ce ta zauna ba. Hannunta na dama yana cikin hijabi, ta ƙanƙame wani abu.

Kausar ta kalli hannun. To, an zo ke nan. An turo mai ɗaukar murya.

"Baba, fito da wayar ki ajiye a fili," ta ce a daƙile. "Ta fi ɗauka da kyau. In kin gama ki kai wa Sadiya."

"Ba ni da waya, 'yata."

"To me ke tafe da ke?"

"Hoton nan nake so ki nuna mini. Da bakinki nake so in ji."

Muryar a dushe take, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana da yawa ba. Kausar ta ja kwamfutar da ƙarfi. Gara ma a ɗauka, a kai musu, su ji gaskiya ko sau ɗaya.

Ta buɗe hoto na farko. Taurari ne birjik, tsakiyarsu wani baƙin tabo.

"Kin ga baƙin nan? Ido cewa zai yi ba komai a wurin. Ƙura ce ta tare, ƙura mai laushi kamar kunkunniyar madafi. Yanzu duba."

Ta buɗe na biyu. Baƙin tabon ya koma ja, cikinsa ɗigo-ɗigon haske.

"Wuri ɗaya ne. Wannan madubin ba hasken da ido ke gani yake kamawa ba, ɗumi yake kamawa. Kin san in an rufe garwashi da toka, ba ki ganin wuta, amma in kin kara hannu za ki ji ta? To haka ne. Waɗannan ɗigon sababbin taurari ne a cikin ƙura. Ni aikina in auna ƙurar, in san yawanta da ɗuminta. Shi ke nan bokancin nawa!"

Matar ta matso har niƙabinta na taɓa allon.

"Hasken nan ma da kike gani," Kausar ta ci gaba, "ya baro can tun kafin a kafa Funtuwa da Malumfashi. Abin da ya wuce nake gani. Gobe kuwa ko abincin da zan ci ban sani ba. Wannan na Allah ne."

"Amma yana ganin ɗumi..."

"Yana gani."

"Ko an ɓoye abu?"

"In ƙura ce ta ɓoye shi."

"In daji ne fa?"

Kausar ta ɗago.

A hankali matar ta fito da hannunta. Ba waya ba ce. Hula ce ta namiji, zanna, bakinta ya yi duhu da zufa, an ninke ta har ta yi laushi. Ta ajiye ta kan kwamfutar da hannu biyu.

"Jikin mutum ai da ɗumi, 'yata. In yana da rai, da ɗumi. Ki ce su juyo da madubin nan ya dubi dajinmu. Sau ɗaya kawai. Ga hularsa, ko za a buƙata. Sunansa Hussaini..."

Kausar ta ƙura wa matar ido.

"Hajiya?"

Matar ta ɗage niƙabin. Hajiya Tsohuwa ce, mahaifiyar Zaharaddeen. Sau ɗaya Kausar ta taɓa gaishe ta, kai a sunkuye, a wani ɗaki mai duhu da aka ce tun ɓatan Hussaini ba ta cika fitowa daga cikinsa ba.

Kausar ta zame daga tabarma ta durƙusa, kunya kamar ta nutse.

"Hajiya ki gafarce ni! Wallahi ban sani ba..."

"Ni zan ce ki gafarce ni. Ni Zaharaddeeni ya nuna wa hoton, don ya ga na yi dariya. Yana ta yabonki, wai kina ganin ɗumin abin da ya ɓuya. Tun ranar ban yi barci ba. Da ya shiga wanka na sa Sadiya ta kwashe mini hoton daga wayarsa, na ce ta tambayo mini a asirce ko za a iya. Ita kuma ta yi abin da ta yi da shi. Da ya gane, ya ce gara ki tsane shi da a ce uwarsa tana bin masu duba."

Ta share ido da gefen hijabi.

"Kuma ina bin su, 'yata. Babu inda ban kai hular nan ba. To ke fa? Za a iya?"

Kausar ta kalli hular, ta kalli idanun tsohuwar. Kalma ɗaya ce za ta faranta mata. Ta ce za ta gwada, ta ce za ta tambayi turawan da ke da madubin, Hajiya ta koma gida da murna, ta tsaya mata a wurin Malam Maiwada. In kuwa ta ce a'a, me ya rage da zai sa matar nan ta so ta?

Ta ce, "Ba za a iya ba, Hajiya."

"Ko an roƙe su?"

"Ko an roƙe su. Madubin sai da sanyi yake aiki. An yi masa laima, ya juya wa rana da duniya baya. Ranar da ya waiwayo ya dubi duniya, zafi zai makantar da shi. Ba zai taɓa ganin dajinmu ba. Ni ma ban san inda Yaya Hussaini yake ba. Da na sani, da ƙafata zan je."



Sai Hajiya Tsohuwa ta fashe da kuka, kuka mai sauti, irin wanda aka daɗe ana haɗiyewa. Kausar ta manta da surukuta ta rungume ta, suka yi ta yi tare.

Da ta lafa, tsohuwar ta ɗauki hular ta shafa.

"Duk wanda na kai wa ya ce yana ganinsa. Wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma, wani ya ce kafin azumi zai shigo da ƙafarsa. Kowa ya gani. Ke kaɗai kika ce ba ki gani ba."

Sallama aka rafka daga zaure, muryar a firgice.

"Don Allah Hajiyarmu ta zo nan? Tun safe ake nemanta!"

Kausar ta fito. Zaharaddeen ne tsaye ba hula, idanunsa jajur. Da ya ga mahaifiyarsa a bayanta, niƙabi a ɗage, sai ya dafa bango.

"Deeni..."

"Na'am."

"Na zarge ka."

"Na ba ki dalili."

"Na ƙi ɗaga wayarka."

"Na ga alama," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Saura kaɗan in sayo baƙar kaza in zo a duba mini ko har yanzu ana sona."

Dariya ta ƙwace mata cikin hawaye.

"Ana sonka. Wannan ba sai an duba ba."

"Kai, ku ji mini marasa kunya, a gabana!" in ji Hajiya Tsohuwa, tana gyara hijabi. "Tada mota. Gidan Maiwada za ka kai ni."

"Hajiya, me za ki ce masa?"

"Abin da ya faru. In mai bin duba yake nema ya kora daga gidan, ga ni. Yarinyar nan kuwa ba ta duba."

Abin da aka yi a zauren Malam Maiwada ba wanda ya ji duka. An dai ga Sadiya ta fito tana kuka, kafin magariba kuma hoton ya ɓace daga guruf. Washegari Malam da kansa ya zo Funtuwa da goro, yana ta gyaran murya, har ya tambayi Kausar ko gaske ne ƙurar can ma Allah Ya ƙidaya ta.

Bayan an kwashe masara aka ɗaura aure. Har ranar babu labarin Hussaini.

Kausar tana ɗaki cikin lulluɓi ƙawaye suka miƙo mata waya ta ga angonta a wurin ɗaurin aure. Farar shadda ce a jikinsa, sabuwa fil, sai ƙyalli take. Ƙawayen suna ta tsiya, wai duk kuɗin masara an rasa na sabuwar hula.

Kausar ta ƙura wa hoton ido. Zanna ce tsohuwa, bakinta ya yi duhu, ta ɗan yi masa yawa.

Hajiya ce ta sa masa da hannunta da safe, ta ce ta gaji da yawo da ita.