Kifin da Ya Goyo Kakanmu

Shalvin yana ɗage murfin azurfar, cokalin hannun Torika ya suɓuce ya faɗi a kan katako.

Sanga ne.

Ƙaton kifin sanga kwance a ganyen ayaba, an tsattsage shi an cusa masa citta da lemun tsami, madarar kwakwa na tsiyaya a gefensa. Shi kuwa gogan naka yana tsaye cikin farar rigarsa ta shugaban masu girki, sai zuba murmushi yake, yana jiran yabo.

Ba wanda ya motsa a teburin. A ƙarƙashin dandamalin katakon, ruwan teku yana ta wasa da ginshiƙai, baƙin otal suna ɗaukar hoton faɗuwar rana, amma Torika ba ta jin komai sai bugun ƙirjinta.

Ko yaron goye a tsibirin nan ya san gidan su Torika ba sa cin sanga. Ba sa kama shi, ba sa taɓa shi. Ranar da kwalekwalen kakansu na fari ya kife a tsakiyar teku, sanga ne ya goyo shi har gaɓa. Ajiye musu shi a gashe, daidai yake da ka yanka musu ɗan'uwa ka ce su sa hannu.

Baffa Josaia, yayan mahaifinta marigayi kuma babban gidansu, ya ninke tsumman cin abinci a hankali ya ajiye. Wata da watanni Torika ta yi tana roƙonsa kafin ya yarda ya tako otal ɗin, ya ga yaron nan jinin Indiya da ta nace sai shi.

"Torika," ya ce, ko ɗaga murya bai yi ba, "wannan ne wanda kika ce ya san darajarmu?"

"Baffa, don Allah..."

Shalvin ya dubi wannan ya dubi wancan, murmushin yana zagwanyewa.

"Baba, ko ba ku son citta ne? Akwai wani a ciki, sai in..."

"Akwai wani!" Baffa ya miƙe tsaye. "Kun ji ko? Akwai wani ma."

Nana, mahaifiyar Torika, ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta bi bayansa. A bakin ƙofa Unaisi mai tarbar baƙi, ɗiyar ƙanwar Nana, ta rusuna musu da furenta a bayan kunne.

Torika ta ja hannun Shalvin har bayan kicin. Da ta gama faɗa masa abin da ya ajiye a gaban Baffa, sai ya jingina da bango, fuskarsa ta yi fari fat.

"Wa ya ce ka dafa shi?"

Idonsa ya kai bakin ƙofa, ya dawo.

"Ni na dafa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Kai ba ka taɓa yi wa baƙo girki ba sai ka tambayi abin da yake so. Wa ka tambaya?"

"Tori... shekara biyu muna tare. Kin taɓa faɗa mini?"

Gaskiya ce mai ɗaci. Tun da ta tafi aikin jinya a birnin Lautoka take barin abin ƙauye a ƙauye. Kullum ya ce me za ta ci, sai ta ce kaguwa, ko jatan lande, ta wuce wurin. Tsoro take kada ya yi dariya ya ce camfi ne. Ga shi kunyar da ta guda ta same ta a gaban kowa.

"Na ɗauka za ka raina mu," ta faɗa hawaye na zuba.

"Ni? Mahaifiyata ko inuwar naman sa ba ta yarda ta shiga gidanta. Ni zan raina ku?" Ya share mata hawaye da bayan hannu. "Je ki, rabin raina, kada jirgin ruwan ya bar ki."

A gida Baffa bai tsaya dogon zance ba. Ya ce muddin yana numfashi, sunan mai girkin nan ba zai ƙara shiga gidansa ba. Kashegari sai ga Unaisi da kwanon rogo, wai ta zo jaje.

"Haƙuri za ki yi, 'yar'uwa. Ai dama kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ki bar shi da irin mu da muka saba da halinsa a wurin aiki."

Torika ta bi ta da kallo. Zuciyarta ta raya mata wani abu, amma zato ba ya zama hujja. Nana tana gefe tana kankarar kwakwa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ranar Asabar da hantsi yara suka rugo suna cewa ga jirgin otal. Torika ta leƙa ta tagar ɗakin girki.

Shalvin ne, ɗaure da zanen maza, ba hula ba takalmi, rungume da damin saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a zaman dattawa. A gabansa Dattijo Peniasi ne, matuƙin jirgin otal, wanda zai yi magana a madadinsa. Ta ƙofar ƙasa, wadda baƙi ke bi, suka shiga zauren Baffa, a kan gwiwa.

Ta lallaɓa ta zauna bayan mata. Da Peniasi ya warware ƙyallen da ke hannunsa, sai ta toshe baki.

Tabua ce. Haƙorin nan na ƙaton kifin teku mai igiyar zaren kwakwa, wanda ba a neman aure sai da shi, ba a kuma wanke babban laifi sai da shi. Ta san wannan ɗin sarai. Shalvin ya fi shekara yana fafutukar samunta, ranar da ta shigo hannunsa har rawa ya taka mata a bakin ruwa. Ta neman aurenta ce. Ita kaɗai gare shi.

"Wayyo, Shalvin, me ka yi..." ta faɗa a ranta.

Peniasi ya yi doguwar magana ta ban haƙuri, kansa a ƙasa. Baffa ya bar shi ya gama, sannan ya dubi Shalvin.

"Ina kifin?"

"Na naɗe shi a ganye na kai shi bayan duwatsun murjani na mayar da shi ruwa, Baba. Na kuma faɗa wa masu otal, in dai ni ne a kicin, ba za a ƙara ɗora sanga a wuta ba. In ba su yarda ba su nemi wani."

Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus.

"Wa ya ba ka shawarar dafa mana shi? Ɗan Lautoka bai isa ya zaɓo wannan kifin shi kaɗai a cikin duk kifin teku ba."

"Hannuna ne ya dafa, Baba. Laifin ya tsaya a kaina."

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Can ya miƙa hannu ya karɓi tabuar, ya sumbace ta, maza suka tafa hannu irin tafin karɓa.

"An binne maganar," in ji shi. "Amma neman gafara daban, neman aure daban. Da wata a hannunka?"

"Babu, Baba."

"To ka sha kava ka kama hanya. Allah ya kiyaye."

Torika ba ta san lokacin da ta isa ɗakin girki ba. Ta kifa kai a kan buhun rogo tana kuka kamar ranta zai fita. Ya wanke sunan gidansu, ya rasa ta. Kafin ya samo wata tabuar, Baffa ya daɗe da nemo mata ɗan wani gida.

"Tashi, kin cika ni da majina," muryar Nana ta katse ta. "Biyo ni."

A hanyar gaɓa suka tare shi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Idanunsa sun yi ja. Nana ta tsaya a gabansa, hannunta ɗaya cikin zane.

"Kai, ɗan nan. Ni ban taɓa son ka ba, ka sani?"

"Na sani, Mama."

"Ranar nan da ka ɗage murfi, kowa kifin ya kalla. Mutum ɗaya ce a bakin ƙofa take kallon fuskar Josaia, tana jiran abin da zai faru. Ni na yi wa Unaisi wanka tana jaririya, na san idonta."

Torika ta dafe ƙirji.

"Nana, ashe kin sani?"

"Rufe mini baki." Ta koma kan Shalvin. "Da ka ambaci sunanta a zauren nan, da ƙanwata ba ta ƙara ɗaga kai a ƙauyen nan ba har ta mutu. Me ya hana ka?"

"Ita ta ce mini shi Baba ya fi so, ni kuma ban ƙara tambayar kowa ba. In na faɗa, na wanke kaina, na raba gidanku biyu. Tori ba za ta ji daɗin auren da aka gina a kan haka ba."

Nana ta yi tsaki, amma idonta ya ciko. Ta zaro hannunta daga cikin zane. Wata tabua ce, tsohuwa, ta yi jawur don hayaƙi da man kwakwa.

"Da wannan aka nemi aurena. Mahaifina ya bar mini ita da zai rasu. Unaisi kuwa ka bar ni da ita, ni da uwarta za mu gana. Ungo. Koma ka tambaya, tun kafin in sake shawara."

Shalvin ya zube a kan gwiwa, ya karɓa da hannu biyu.

Da suka sake shiga zauren, kofin kava yana hannun Baffa.

"Me kuma aka manta?"

Peniasi ya ɗaga tabuar sama. Kofin ya tsaya a iska. Baffa ya ƙura mata ido, ya kai yatsa ya shafa wata 'yar tsaga a gindinta.

"Wannan tsagar ni na yi ta," ya faɗa. "A hannuna ta faɗi kan dutse, ranar da na je roƙa wa ƙanina aure. Har ya mutu yana yi mini gori."

Ya ɗago ya nemi Nana da ido. Tana can bakin ƙofa ta ci gaba da kankarar kwakwarta, kai ka ce ba ta san abin da ake ciki ba.

Baffa ya goge ido da gefen hannu. Ya karɓa, ya sumbata, tafi ya cika zauren. Torika ta faɗa jikin matar da ke kusa da ita tana kuka tana dariya.

"Kai, mai girki," Baffa ya ce, yana ƙoƙarin ɗaure fuska. "Ranar biki me za ka dafa mana?"

Shalvin ya saci kallon Torika.

"Sai na tambayi matata tukuna, Baba."