Ƙwan Kifin Oga Nathaniel

Ranar Laraba da hantsi aka kawo wa Sufeto Atiku ƙarar da ta fi kowace ba shi haushi a shekara goma sha tara da ya yi yana aikin ɗan sanda. Wai ƙwan kifi aka sace.

"Ƙwan kifi? A Birnin Kebbi?" Ya dubi kofur ɗin da ya kawo masa fayil. "Wanda mata ke soyawa a bakin kasuwa?"

"Ba irinsa ba ne, yallaɓai. Wannan na ƙasar waje ne. Har an kawo direban gidan tun jiya, yana sel. Difi'o ya ce in ba a samu wani bayani ba, Litinin a kai shi kotu."

To, nan ne Sufeto ya daina dariya. Mutum mai iyali yana kulle, ko a kan me ne, ba abin dariya ba ne.

Gidan Oga Nathaniel, mai ƙarar, yana unguwar Gesse. Mutumin Filato ne, ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati a Kebbi har ya yi ritaya, Hausa kuwa a bakinsa sai ka rantse a Argungu aka yanke masa cibiya. Tun daga ƙofa Sufeto ya hangi faifan sola jere bisa rufi, ya ɗauke kai. Hassada ce, ba sai an ɓoye ba. Shi firijin gidansa kwanuka matarsa ke ajiyewa ciki saboda rashin wuta.

"Kwalba biyu na saya," in ji Oga Nathaniel, yana jan sa zuwa kicin. "Ƙwan kifin salmon. Tun da na ɗanɗana shi wajen wani kwas a Turai ban sake barci mai daɗi ba. Ƙaramar mun buɗe ranar Lahadi da abokai. Babbar na ajiye don Asabar, surukan 'yata Christabel za su zo daga Jos. Jiya da la'asar na buɗe firiza, wayam!"

Ya ɗauko ƙaramar kwalbar daga firiji. Murfinta ruwan zinari ne, da wani rubutu a kai wanda ba Turanci ba. Sauran ƙwai kaɗan ne a gindinta, jajaye, manya kamar tsakiyar wuya. Ya ɗebo da cokalin roba ya ɗora bisa burodi mai bota.

"Ɗanɗana, Sufeto. Da sanyinsa ake ci."

Sufeto ya ci. Suka fashe masa a baki ɗaya bayan ɗaya, gishiri-gishiri, da maiƙo. Abin takaici, da daɗi. Ya so ƙwarai a ce ba daɗi.

"Me ya sa ka ce direbanka ne?"

"Ja'afar kaɗai ke da makullin ƙofar baya. Kuma jiya ya ɓace awa uku."

Sufeto ya buɗe firizar. Kaji, naman rago, kwalaben lemo, duk suna nan ba wanda ya taɓa. A sama kuma ga kifi, ragon ruwa guda biyu, an zura musu igiyar kaba ta baki, ƙanƙara ba ta gama kama su ba. Ya juya wajen matar gidan da ke tsaye bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Madam Paulina, wa ya shigo gidan nan jiya?"

"Ba kowa."

"Wannan kifin da ƙafarsa ya zo?"

"Au! Ai Hodi ne. Hodi ba baƙo ba ne, shi ya sa ban ƙirga shi ba. Duk Talata yake kawo mana kifi daga Argungu, ya sa a firiza da kansa. Ina ɗaki ma ina waya."

Oga Nathaniel ya ɗaga hannu. "Sufeto, kada ka ɓata man motarka. Shekara ashirin da shida muna tare da Hodi. Ranar da aka haifi Christabel shi ya fara zuwa asibiti. Ka matsa wa Ja'afar, zai faɗa."

Ja'afar mutum ne mai kimanin shekara arba'in, 'ya'yansa huɗu. Idanunsa sun yi ja, ga shi an karɓe masa bel yana riƙe da wando da hannu ɗaya.

"Ina ka je jiya daga azahar zuwa la'asar?"

"Wankin mota, yallaɓai."

"Motar da na gani a gidan ƙura ce har gilashi. Sake."

Ya sunkuyar da kai. "Fasinja na ɗauka zuwa Ambursa. Sawu biyu. In Oga ya ji zai kore ni, shi ya sa na yi shiru. Amma wallahi ban taɓa kwalbar nan ba. Ni ko kallon abin ba na so, ɗanye fa suke ci! Shekara tara ina gidan, ko allura ban ɗauka ba. Yanzu an je an gaya wa matata wai ni ɓarawo ne."

Kofur ya hau babur ya je tasha, ya dawo da shaidar mutum uku da suka ga Ja'afar yana lodi. Amma Difi'o ya ce wannan bai wanke shi ba, tunda mai makulli yana iya ɗaukar kwalba kafin ya fita.

Daga nan Sufeto ya nufi babbar kasuwa, shagon Nwachukwu mai kayan sanyi, wanda ya yo odar kwalaben. Shekararsa ashirin a garin, kowa Baban Ebube yake ce masa.

"Oga Sufeto, daga Legas aka sako su a jirgi, cikin kula mai cike da ƙanƙara. Ni da kaina na je na karɓo." Ya faɗi kuɗinsu. Sufeto ya yi kamar bai ji ba, don ya tasar wa albashinsa na wata biyu.

"Wa zai saya in ɓarawo ya kawo?"

"Ba kowa. A Kebbi wa ya san shi? Kuma abu ne mai tsirfa. In yana rufe a firiza, zai yi watanni. In za ka ci, ka mayar da shi firiji ya kwana ya saki a hankali. Ka buɗe, kwana uku ka gama da shi. Ya narke, ba a sake daskarar da shi. A zafin nan namu kuwa, awa biyu a waje ya lalace."

"In an soya fa?"

Nwachukwu ya dafe kai. "Kai! Kada ma ka fara. Yana jin wuta sai ya yi fari ya ƙandare kamar roba, haƙori ba ya tauna shi. Ko Oga Nathaniel bai san wannan ba. Ni ma sai da matata ta hallaka mini kwalba guda a kasko na sani."

Sufeto ya rubuta. "Kana wurin ranar Lahadi?"

"Ina nan. Mu takwas."

"Har da Hodi?"

"Ya zo gaisuwa ya tarar da mu." Nwachukwu ya rage murya. "Oga Nathaniel ya yi wata magana da ban ji daɗinta ba. Ya ɗaga cokali ya ce, Hodi, zo yau ka ga ƙwan kifi na gaske. Kowa ya yi dariya. Tsohon bai ci ba, ya ce yana azumi."

Azumi ranar Lahadi. Sufeto ya rufe littafinsa.

Washegari da safe suka kama hanyar Argungu, shi da kofur. Rumfar Hodi tana kusa da gulbi, inda masunta ke shanya koma. Dattijo ne dogo, baƙi, hannuwansa duk tabon ƙaya. Yana zaune bisa tabarma yana ɗinkin koma, bai ko tashi ba.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannunku. Lahiya dai?"

"Kayan Oga Nathaniel aka sace. Ƙwan kifin nan na Turai. Ka shiga kicin ɗinsa ranar Talata?"

"Awo, na shiga. Na aje kihi, na hita. Ban ga wata kwalba ba."

"Amma ka san abin."

"Na gane shi ran Lahadi, daga nesa." Ya ja zare da ƙarfi. "Wai shi na ƙwan kihi na gaske! Mu da anka haihe mu cikin ruwa, mu muka cin na ƙarya ke nan. Sufeto, ka taɓa cin ƙwan giwan ruwa da anka hiddo da sahe, anka soya da man gyaɗa da albasa?"

"Na taɓa."

"To, wancan abu mi a ciki? Gishiri da tsada. Abin da in kas sa shi ga wuta sai shi yi hwari shi ƙandare, ko akuya ba ta tauna shi."

Sufeto ya zauna bisa wani turmi da aka kife, a hankali.

"Baba, wa ya gaya maka yana ƙandarewa a wuta?"

Allurar ta tsaya a hannun Hodi. "Haka niji ana hwaɗi."

"Wa ke faɗi? Mai gidan da ya saya bai sani ba. A duk Kebbi mutum biyu suka sani, Baban Ebube da matarsa. Sai kuma wanda ya gwada."

"Ni dai ban taɓa shi ba."

"To, miƙo mini waccan kwalbar ta ƙugiyoyi."

Tana nan gefen tabarma, an wanke ta tas, an kankare takardar jikinta, an cika ta da ƙugiyoyin kamun kifi. Murfin dai ba yadda za a yi da shi, ruwan zinari ne da rubutun da ba Turanci ba. Wane Bakabe zai jefar da kwalba mai murfi irin wannan? Ko a kan laifi aka samo ta, sai an sami abin zubawa ciki.

Hodi ya juya ya dubi gulbi.

"Shekara ashirin da shida," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Duk sadda niy yanka giwan ruwa mai ƙwai, ban sai da shi, ban ba ɗiyana. Sai in naɗe in kai ma Natani, don na san yana so. Bai taɓa kiran mutum guda shi zo shi gani ba. Wanga na kwalba ya zo, ya tara gari. Na haɗiye. Ran Talata na shiga in aje kihi, sai ga ƙwan da nik kai mai wancan mako cikin kwanon karensa, bakin ƙohwa. Wai ba wuri cikin hiriza. Ga kwalba ta samu wuri, har da tawul anka naɗe ta."

"Sai ka ɗauka."

"Sai niɗ ɗauka. Kishi na, Sufeto, ban ɓoye maka. Nac ce bari in ji abin da yaf hi nawa. Ni kau ban cin ƙwan kihi ɗanye, ba a haihe ni haka ba. Na zuba ga kasko." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Duka na zuba. Ƙarshe gulbi nik kai shi."

"Ka san Ja'afar yana kulle kwana biyu a kan kwalbar nan? Litinin za a kai shi kotu."

Tsohon ya juyo da sauri. "Ja'afaru? Direba? Innalillahi! Ba wanda yag gaya man." Ya ajiye komar, ya laluba takalmansa. "Tashi mu tahi."

Ana kiran azahar suka iso ofis. Oga Nathaniel ya riga su zuwa, don Sufeto ya yi masa waya daga hanya. Yana ganin wanda ya fito daga bayan mota sai ya dafa kantar ofishin. Sufeto da tun jiya yake jin haushin solar mutumin da firizarsa, yau tausayinsa ya ji.

"Hodi? Kai?"

"Ni na, Natani."

"Sufeto, na janye ƙarar. A bar maganar."

"Sai Difi'o ya dawo ya sa hannu, Oga. Kafin nan doka ce, zai shiga ciki."

Aka fito da Ja'afar, aka zube masa kayansa bisa kanta: bel, waya, hula da makullin mota. Hodi ya matsa kusa da shi ya ce, "Ka yahe man, ɗana. Ban san kai anka kama ba." Ja'afar ya gyaɗa kai, yana ɗaura bel.

Oga Nathaniel ya riƙo hannun rigar tsohon, idonsa ya kawo ruwa. "Haba, Hodi! Haba, ɗan'uwana! Da ka roƙe ni ai da na ba ka."

Hodi ya zare hannunsa.

"Ni in roƙe ka ƙwan kihi? Ni?"

Ya cire hularsa ya miƙa wa kofur, ya bi shi ta lungun sel, aka ja ƙofar ƙarfe aka datse.

Oga Nathaniel ya share fuska, ya juya. "Ja'afar, yi haƙuri. Tayar da mota mu je gida."

Ja'afar ya sa hularsa, ya zura waya a aljihu. Ya tura makullin bisa kanta har gaban maigidan nasa.

"Shi ka janye masa a minti ɗaya, Oga. Ni kwana biyu ba ka leƙo ba."

Ya fita bakin titi ya tsayar da ɗan kabu-kabu.