Maganar da Ba Ta Fita a Radiyo Ba

Ranar wata Litinin da hantsi, yara sun fita hutun rekire, wani saurayi ya jingine motonsa, wato babur, a gindin dalbejiyar lakwal, makarantar firamare. Madam Bara'atu, mai koyar da aji uku, tana goge allo ta ji sallama a bakin ƙofa.

"Fofo, Madam. Sunana Sagiru, daga gidan radiyon nan na gari. An ce mini Nasiba Isufu a ajinki take."

Ta juyo. Dogo ne, mai sanyin murya, ga ƙaramin mikoro na ɗaukar magana a hannunsa. Shi kuwa da ya ga fuskarta sai ya manta sauran abin da ya shirya faɗa.

Kwana goma ke nan da wani jirgin kwale-kwale ya kife tsakanin Gaya da Malanbil. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, ta ruwa mutane suke ƙetarewa, su da kayansu. Cikin waɗanda suka rasu akwai mahaifiyar Nasiba da ƙaninta ɗan shekara uku. Ita Nasiba, mai shekara tara, masunta ne suka tsamo ta.

"A ajina take," in ji Bara'atu. "Amma ba za ka gan ta ba."

"Tambaya biyu kawai, Madam."

"Ni da nake tare da ita kullum ban yi mata ko ɗaya ba. Jiya ne ta fara karɓar alli. Ka sauka lafiya, Mushe," ta ƙara da cewa, wato Malam da Faransanci.

Ya tafi. Washegari ya dawo ba mikoro, da ƙunshin kayu goma, littattafan rubutu, wai na yaran aji ne. Ta karɓa tana murmushi.

"Wannan cin hanci ne?"

"Ban haƙuri ne. In cin hanci ne, da kilishi zan zo."

Ta yi dariya, ita ce dariyarta ta farko tun ranar da jirgin ya kife. Kafin ya hau moto ya nemi lambarta, ta ba shi.

Da la'asar mesaj ɗinsa ya shigo: "Malama, ɗalibinki ne da aka kora jiya. Ina neman izinin gaishe ki kullum, ba tare da tambaya ba."

Ta amsa: "An ba ka izini, Sarkin Tambaya. Mu ga kwana nawa za ka iya."

Bai cika kwana uku ba ya tambaye ta ko akwai wanda ya riga shi. Ta ce akwai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da babanta yake so, amma ita ba ta ba shi fuska ba. Daga nan zance ya zauna. Kowace Asabar yakan zo ƙofar gidansu, su zauna a kan benci, ƙannenta suna leƙe suna guduwa.

Abu ɗaya ne yake hana shi sakewa, ita ma ta sani. Masu jiragen sun ce iska ce ta kifar da jirgin. Manyan da suka tsira sun ƙi magana, domin gobe ma jiragen nan za su hau su kai kayansu kasuwa. Jiragen kuwa suna nan suna ɗaukar lodi yadda suka saba.

"Abar ƙaunata," ya ce mata wata Asabar, "in ba wanda ya faɗi gaskiya, wani jirgin zai sake kifewa. Kawun Nasiba, wanda take hannunsa yanzu, ya zo radiyo da ƙafarsa. Ya ce a ɗauki maganarta, ya sa hannu a takarda."

Bara'atu ta ce masa:

"Tun da mai ita ya yarda, ba ni da ikon hanawa. Amma a ajina za a yi, ina zaune. In ta yi shiru, an gama."

Haka aka yi ranar Laraba bayan an tashi. Nasiba ta zauna kusa da Madam, tana murza bakin hijabinta. Sagiru ya durƙusa don kada ya fi ta tsayi. A hankali ta ba da labari. Ta ce an sa buhunan siminti da moto biyu, mutane suna zaune a kan kaya. Ta ce tun a bakin gaɓa ruwa yake taɓa yatsunta in ta sa hannu a gefen jirgi. Ta ce babu iska ko kaɗan.

Sagiru ya kai hannu zai kashe na'urar ɗaukar maganar, sai yarinyar ta ci gaba, ba wanda ya tambaye ta.

"Inna ta ce in riƙe Safiyanu. Na riƙe shi. Da ruwa ya shiga hancina sai na sake shi. Ni na sake shi, Madam."

Bara'atu ta jawo ta jikinta. Ta daɗe tana gaya mata cewa ko babban mutum ba ya iya riƙe wani a cikin kogi, kuma Allah ne ya karɓi abinsa. Sai da kawunta ya zo ya tafi da ita, sannan Bara'atu ta juya ga Sagiru.

"Ba za ka sa wannan ba."

"Ƙarshen ba zan sa ba, wallahi. Zan yanke shi. Farkon kawai, kuma zan sauya murya, in ɓoye suna."

"Sagiru, yara huɗu suka fita daga ruwan nan, mace ɗaya ce. Nan Gaya ce, ba Yamai ba. Ranar da aka ji ta a radiyo, kowa zai tare ta a hanya ya ce ta ƙara ba shi labari, daga mai tallan ƙosai har matan unguwa. Kai da ka tambaye ta a hankali ma ka ga inda ta kai. Wata rana za ta faɗa wa wanda ba ya da tausayi. Ka san yaranmu da raɗa suna. Akwai tsohuwa a unguwarmu da har yau ake kira da sunan abin da ya same ta tana ƴar shekara bakwai."

"To mutanen da za su hau jirgi gobe fa? Su ba ƴaƴan kowa ba ne?"

"Ƴaƴan mutane ne. Amma manya ne suka yi lodin nan. Manya za ka nema."

Ya ce ta ba shi kwana biyu ya yi tunani. Suka rabu ba dariya.

Da ya koma wurin aiki, ya yi kuskure ɗaya. Ya kunna wa shugaban gidan radiyon, Mushe Cha'ibu, farkon maganar don neman shawara. Washegari da safe, Bara'atu tana shirin tafiya lakwal, ta ji sanarwa daga radiyon babanta: ranar Juma'a, masu sauraro za su ji muryar yarinyar da ta tsira, daga bakinta.

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Sagiru: "Na ji sanarwarku. Ni na riƙe mata hannu ta yi maka magana, don na yarda da kai. Kada ka zo ranar Asabar."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Sai ya rubuto: "Malamata, ban san da sanarwar nan ba, amma ni na jawo, don ni na kunna masa. Ba zan roƙe ki komai ba yanzu. Ki saurari radiyo ranar Juma'a."

Daga nan ya shiga ofishin Cha'ibu.

Cha'ibu ba mugun mutum ba ne. Shekara ashirin ya yi a aikin nan, an taɓa tsare shi kwana huɗu a kan wani labari. Ya ce, "Ƙanena, muna da izinin kawunta. Doka ba ta hana mu ba. In muka fara barin labari don wani zai ji zafi, gara mu rufe gidan mu koma sa waƙa. Muryar yarinyar nan za ta yi a rana ɗaya abin da kai ba za ka yi a wata ba."

"Gaskiya ne, Mushe. Kawunta ya sa hannu, amma ba shi zai bi ta kasuwa da sunan da za a raɗa mata ba. Ba na cewa a bar labarin. Ka ba ni lokaci in samo shi daga manya."

"In ba ka samo ba fa?"

"Ka karɓe shirina ka ba wani."

"An riga an yi sanarwa."

Sagiru ya ɗora na'urar a kan tebur, ya goge maganar a gabansa. Cha'ibu ya ce a shirin Juma'a Sagiru ne zai fito da bakinsa ya ba mutane haƙuri, kuma daga nan an dakatar da shi mako biyu.

Ranar Juma'a Bara'atu ta zauna kusa da radiyo. Muryar Sagiru ta fito, ya ce an yi wa jama'a alkawarin da bai kamata a yi ba, yaran da suka tsira suna buƙatar a bar su su warke, kuma duk babban da yake cikin jirgin, ƙofar radiyo a buɗe take. Ta share hawaye ta ɗauki waya: "Sarkin Tambaya, benci yana nan gobe. Ka yafe mini."

Ya amsa: "Ni ne mai neman yafiya, hasken idona. Zan zo da kilishi."

Makonni biyun nan a bakin kogi ya yi su. Yakan zauna tun safe yana kallon yadda ake lodi, yana rubutawa. Ya sha zagi, an taɓa watsa masa ruwa. A rana ta tara wani tsohon matuƙin jirgi da ya daina aiki ya kira shi gefe ya ce zai yi magana, da sunansa. Bayansa mata biyu ƴan kasuwa da suke cikin jirgin suka yarda. Shirin ya fita bayan wata guda. Bai girgiza gari kamar yadda muryar yarinya za ta yi ba, kuma a cikin watan nan jirage sun ci gaba da lodinsu, abin da ya hana Sagiru sukuni. Amma daga baya hukuma ta sa a raba jirgin kaya da na mutane.

Wannan ne ya ɓata wa Alhaji Mamman rai, mahaifin Bara'atu. Ɗan kasuwa ne, albasarsa ta ruwa take ƙetarewa, yanzu sai ta kwana biyu tana jiran jirgi. Da magabatan Sagiru suka nemi zuwa neman masa auren Bara'atu, ya ce ba zai ba mai tonon silili ƴarsa ba. Mahaifiyarta ta yi ta lallashi, har ya yarda yaron ya zo shi kaɗai.

Sagiru ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Alhaji bai amsa gaisuwar da kyau ba.

"An ce yarinyar nan ta yi maka magana, ka goge. Mai jirgin abokin hulɗata ne, ina so in san abin da ta ce. Na tambayi Bara'atu ta ƙi. Kai faɗa mini."

"Baba, abin da ya shafi jirgi duk ya fita a radiyo daga bakin manya."

"Sauran fa?"

"Sauran ba nawa ba ne, Baba. Ka gafarce ni."

"Ka san abin da ka zo nema a gidan nan?"

"Na sani."

"Kuma ba za ka faɗa ba?"

Sagiru ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya ba, Baba."

Alhaji ya ajiye casbinsa. Bara'atu da mahaifiyarta suna bayan labule suna saurare.

"Albasata ta ruɓe buhu shida saboda kai," in ji Alhaji. "Ban manta ba, kuma ba zan fasa faɗa ba." Ya gyara zama. "Amma na ɗauka ɗan jarida ba ya da ciki. Wanda ya riƙe sirrin marainiya a gabana, yana ganin zai rasa mata, zai riƙe na ƴata. Ka turo manyanka ranar Lahadi."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ƴan uwa suka zo daga Tanda da Yelu, malaman lakwal suka yi anko, Mushe Cha'ibu ne ya tsaya a kan rabon goro yana cewa shi ya horar da ango. Da za a kai amarya, Alhaji Mamman ya sa aka kira su biyun, ya dafa kan ƴarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Kai kuma, in za ka sake taɓa ƴan kasuwa a radiyo, ka bari in sayar da albasata tukuna."

Tsakar gida ta ɗauki dariya da guɗa, kowa yana cewa amin.