Kututturen Lallen Sagir

Ƙamshi ne ya fara tsayar da Sagir, kafin fuska. Yana cikin sauke buhunan albasar da ya kawo kasuwar Jega daga Aliero, sai wani ƙamshi mai sanyi ya ratsa warin albasar ya iso hancinsa. Ya waiwaya, ya ga wata budurwa zaune gaban tiren garin lalle, ta soke ɗan reshe mai fararen furanni a gefe.

"Wane turare na wanga?"

"Huren lalle na," ta ce tana dariya. "Ku mutanen albasa ai hancinku ya daɗe da mutuwa."

Sunanta Zulai, 'yar garin Alelu. Mahaifinta Malam Hamidu lalle yake nomawa, mata su yi kwalliya, masu ƙuraje su shafa su ji sauƙi. Kafin wata uku Sagir ya mato a kanta, har Hurena yake ce mata.

Amma Malam Hamidu ya fi son ya ba da ita ga Lukman, wani malamin makaranta daga Maiyama.

"Manomin albasa tugewa ya sani, bai san riƙo ba," in ji Malam Hamidu. Da Zulai ta daina cin abinci, sai ya yanko rassan lalle bakwai ya miƙa wa Sagir. "Tahi ka dasa. In sun rayu shekara guda, mu yi magana."

Sagir ya dasa su a bakin gonarsa, ya dinga ɗura musu ruwa safe da yamma kamar albasa. Shida suka ruɓe.

"Hurena, saura guda. Tsoro nikai," ya rubuta mata.

"Masoyi, lalle ba albasa ba na. Rage ruwa, bar shi shi sha rana."

Ya rage. Reshen ya kama, ya yi tsawo, ya kai masa ƙirji. Ranar da ya fitar da fure, Sagir ya daɗe tsaye yana mamakin yadda busasshen tsinke ya zama wannan abu.

Shekara na cika, ya dawo daga kasuwa ya tarar an sare lallen har gindi. Maƙwabcinsa na gona ya ce Malam Hamidu ne ya zo da adda, ya kwashe rassan ya tafi.

Sagir ya zauna daɓas a ƙasa. A saninsa, abin da aka raba da ganyensa ya gama yayi. Wato an ba Lukman Zulai ke nan. Ya kashe waya, ya daina zuwa Jega, ya rame.

Bayan kwana ashirin ya je da niyyar tuge kututturen. Sai ya tsaya cak. Sabbin tsiro sun fashe ta ko'ina, kore shar, ya ƙirga har talatin ya bari. Ba abin da yake faɗa sai Subhanallahi.

Ya kunna waya. Saƙonnin Zulai suka yi ta shigowa, na ƙarshe yana cewa: "Mi na yi maka? Baba ya shanya ganyen, an dake. Ya ce lallen amarya na. Ba a sare lalle sai wanda ya kahu, shi ɗai ka tohowa. Ka turo magabatanka, ko sai na zo da kaina?"

Sai ga ƙato yana kuka a tsakiyar gona.

An ɗaura aure bayan Sallah. Da aka kawo amarya, Zulai ta buɗe masa tafin hannunta, ja wur.

"Naka na," ta ce a hankali. "Kai ka raine shi."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.