Lauyar Baba

Mama ta dire kofi har shayi ya fantsamo kan tebur.

"Yau ma kotu? Maƙwabta sun gan ki a tasi da wani mutum ya ja hula har ido. Wane ne?"

Lauya, matar ɗanta, ta sunkuyar da kai, baƙar rigar aikinta a ninke a hannu. "Mama, wanda nake karewa ne. Aikinmu ya hana mu faɗin sirrinsa."

"Ji min yarinya! Ni za ki karanta wa doka a falona?" Ta juya wajen ɗanta. "Kai Injiniya, hoto ka zama? Ko rigar nan ko aurenka, ta zaɓa!"

Mai hular kuwa yana kusurwa yana ta juya cokali a kofi. Baba ne, mijin Mama, surukin Lauya. Idonsa ya fara rauni ya ɓoye wa kowa, har ya buge mai keke da mota. Da hawaye ya je ofishinta: "'Yata, ki rufa min asiri, kada yarana su gan ni gaban alƙali."

A ɗaki Injiniya ya tsare ta. "Ni ma ba za ki faɗa min ba?"

"Sori, ba zan iya ba."

Ya daina cin girkinta, ya koma kwana a falo. Takan yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska ta fita aiki.

Ranar hukunci ya bi ta a ɓoye, ya raɓe a bencin baya. Da aka kira wanda ake ƙara, sai ga mahaifinsa ya miƙe! Lauya ta tashi, muryarta ko gezau. Ta ce tsohon bai gudu ba, shi ya kai mai keken asibiti, ya zauna da shi har ya warke. Alƙali ya karɓe lasin, ya sallame shi da gargaɗi.

A baranda suka yi kiciɓis. Baba ya dafe bango, ya dubi ɗansa.

"Ina zaune ana yanka matarka a gida, na kasa buɗe baki. Ni ne abin kunya, ba ita ba."

Injiniya ya kasa haɗa ido da matarsa. "Ki yafe min... wallahi ban san inda zan sa fuskata ba."

"Ka sa ta a gaba, ka riƙe Baba, akwai matakala," ta ce tana share ido.

Baba da bakinsa ya faɗa wa Mama komai. Ta laluɓo hannun Lauya ba tare da ta ɗago ba.

"'Yar nan, da kin tona shi ai da kin huta."

"Da na tona shi, Mama, gobe wa zai kawo min kukansa?"

Haka haƙuri yake. Wadda ta riƙe amanar wani har aurenta ya girgiza, ita ce ta fi cancanta a ba ta amanar gida.